Yadda ake haɗa naɗin naman sa mai gina jiki, da yadda ake lissafin abin da ke cikinsa

Naɗin nama guda biyu za su iya zuwa iri ɗaya a ido, ƙamshinsu ɗaya, amma ɗaya na ɗauke da kalori 460, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, ɗayan kuma ya doshi 950. Abin da ya raba su a ƙunshe yake a ciki: faɗin burodin da aka naɗe da shi, irin yankan naman, abin da aka shafa, da gishirin da ya shiga ba da sanin mai ci ba. Mutane kan ɗora wa nama laifin nauyin wannan abinci, alhali sau da yawa naman ne ya fi komai amfani a cikinsa. Wanda ya riƙe ma'aunin waɗannan abubuwa huɗu zai samu abinci cikakke a hannu ɗaya.

Duk alƙaluman da ke ƙasa matsakaita ne. Nama ya kan bambanta daga dabba zuwa dabba, burodi kuma daga kamfani zuwa kamfani, don haka idan akwai rubutu a jikin ledar abin da aka saya, shi za a bi.

Abin da naman ke kawowa

Giram 100 na dafaffen naman sa marar kitse sosai yana ba da furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 26 zuwa 30. Babban mutum mai lafiya yana buƙatar kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, ke nan mai kilo 70 yana neman giram 56. Naɗi ɗaya mai nama giram 90 zuwa 100 ya biya kusan rabin wannan buƙata.

Sai sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Akwai miligiram 2.5 zuwa 3 a wannan giram 100. Adadin bai kai ya ba da mamaki ba, irinsa ne abin lura: ƙarfen da ke cikin nama hanji na zuƙe kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari nasa, na ganye da hatsi kuwa kashi 2 zuwa 20 kawai. Namiji baligi na buƙatar miligiram 8 a rana, mace mai shekara 19 zuwa 50 miligiram 18, mai juna biyu 27. Akwai kuma zink, kimanin miligiram 5, wanda ke taimakon garkuwar jiki da warkewar rauni, alhali buƙatar namiji 11 ce, ta mace 8. Bitamin B12 kuwa, wanda jijiyoyi da ƙwayoyin jini ba sa yi sai da shi, wannan ɗan nama na ba da kusan maikurogiram 2, buƙatar yini kuma 2.4 ce.

Abubuwa biyu ne babu su a nama: harza, wato zaren abinci da ke sauƙaƙa wa hanji aiki, da bitamin C. Kayan lambu ne za su cike wannan gurbi, shi ya sa ba ado ba ne su a cikin naɗi.

Kayan haɗi na naɗi huɗu

Tsokar naman sa ɗanye giram 500, bayan an cire kitse
Faffaɗan burodin naɗi guda 4, kowanne giram 60 zuwa 70
Man girki babban cokali 1
Gishiri rabin cokalin shayi
Tafarnuwa sili 3, masoro da garin tattasai cokalin shayi ɗaya-ɗaya
Lemun tsami 1
Kabeji giram 200, tumatir 2, jan tattasai 1, albasa 1, karas 1
Yogot marar sukari giram 120

Ana kuma buƙatar sikelin kicin mai auna giram, da ma'aunin zafin nama idan da hali. Sikelin nan shi ne ginshiƙin aikin. Ido ba ya auna nama daidai, ballantana mayonis.

Mataki na farko: zaɓen nama

A nemi tsokar cinya ko ta baya, wadda ja ya rinjaya a cikinta, farin kitse kuma yana gefe inda wuƙa za ta iya cire shi. Naman haƙarƙari da na ƙirji kitsensu a saƙe yake cikin tsoka, ba ya ciruwa. Dalilin wannan kulawa lissafi ne mai sauƙi: giram ɗaya na furotin ko na sitaci kalori 4 ne, giram ɗaya na kitse kuwa 9.

Idan niƙaƙƙen nama za a yi amfani da shi, a duba kason kitsen. Mai kitse kashi 20 cikin ɗari yana da kimanin kalori 254 a giram 100 ɗanye, mai kashi 10 yana da 176, mai kashi 5 kuma 137. Mai ƙarancin kitsen ya ma fi furotin, domin gurbin da kitse ya bari tsoka ce ta cike shi. Idan ba a san kason ba, gara a zaɓi tsokar da ido a sa a niƙa ta. Idan kuwa mai kitsen ne kaɗai a hannu, a soya shi ba tare da mai ba, a karkata kaskon a kwashe man da ya fito da cokali.

Wani wuri da lissafi ke kwaɓewa: nama na raguwa da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu a wuta, saboda ruwan da ke fita. Giram 500 ɗanye zai koma kusan 375, kowane naɗi ya samu giram 90 da ɗoriya. Wanda ya auna dafaffe amma ya yi lissafi da alƙaluman ɗanye zai rage wa kansa kalori a takarda, ba a ciki ba. A tsaya kan ɗaya: ko dai a auna ɗanye a yi lissafin ɗanye, ko dafaffe da na dafaffe.

A bar sosej da naman gwangwani da duk naman da aka adana da gishiri ko hayaƙi. A shekarar 2015 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan sarrafaffen nama a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, musamman na babban hanji, ta kuma ce cin giram 50 nasa kullum na ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin ɗari. Ga shi kuma cike da gishiri.

Mataki na biyu: burodin, inda aka fi yin sakaci

Domin siriri ne, mutane kan ɗauka ya fi burodin yanka sauƙi. Ba haka ba ne. A matse yake, babu iska a cikinsa, kuma da mai ake kwaɓa shi don ya naɗu bai karye ba. Mai faɗin santimita 20 nauyinsa kusan giram 45 zuwa 50 ne, kalori 140 zuwa 150. Mai santimita 25 giram 70 ne, kalori 200 zuwa 220. Mai santimita 30 kan haura giram 100, kalori 300 ko fiye, daidai da burodin yanka huɗu. Ƙarin santimita biyar a faɗi ba ƙaramin ƙari ba ne, domin fili na ƙaruwa ta kowane gefe. Sannan babban burodi na kiran ƙarin ciko, kowa kuma ba ya son naɗinsa ya zo a saɓule.

A zaɓi matsakaici, a kuma juya ledar a karanta jerin kayan haɗi. Abin da aka fara ambata shi ya fi yawa. Idan cikakkiyar alkama ce a farko, wadda ba a cire mata dusa ba, za a samu harza giram 4 zuwa 5 a guda ɗaya, maimakon 1 zuwa 2 na farar fulawa. Kada launi ya ruɗi mai saye. Koren burodi da ake cewa na alayyafo ne, ko ja da ake cewa na tumatir, mafi yawansu farar fulawa ce da ɗan garin ganye ko launi, amfaninsu bai wuce na farin ba.

A duba layin sodiyam ma, wato sinadarin da ke cikin gishiri. Burodi ɗaya mai santimita 25 na iya ɗaukar miligiram 400 zuwa 600 tun kafin a sa masa komai.

Mataki na uku: yanka da jiƙa nama

A sa naman a firiza na minti 20 zuwa 30 ya ɗan yi tauri, zai fi yankuwa siriri. A duba inda zaren tsokar ya miƙe, a yanka a gicciye, kauri kamar milimita 3 zuwa 5. Wannan shi ne sirrin laushin tsoka marar kitse. Idan aka bi tsawon zaren, haƙori ne zai yi aikin da wuƙa ta bari, kuma a cizo ɗaya duk naman zai zaro daga cikin naɗin.

A haɗa dakakkiyar tafarnuwa, masoro, garin tattasai, gishirin, ruwan rabin lemun tsami da rabin man. A cuɗa da naman, a rufe, a sa a firij na minti 30 zuwa awa 2. Kada a bar shi ya kwana da lemun tsami: tsamin na cin fuskar siririn nama har ta yi laɓo-laɓo, ba ta soyuwa da kyau. Ba a jiƙa nama a kan teburi, a firij ake yi. Ruwan da ya rage a kwanon kuma ya taɓa ɗanyen nama, ba a zuba shi a naɗi sai an tafasa shi.

A wanke katako da wuƙa da hannu da sabulu kafin a taɓa kayan lambu, ko kuma a fara yanka kayan lambun kafin naman. Kabejin nan ɗanye za a ci, babu wutar da za ta kashe abin da ya hau kansa.

Mataki na huɗu: wuta

A ɗora kasko mai kauri ya yi zafi sosai, a zuba sauran man. A tsane naman, a shimfiɗa rabinsa, yanka ɗaya kada ya hau ɗaya. A bar shi minti ɗaya zuwa biyu ba a juya ba har ya yi launin ƙasa, a juya, a ƙara minti ɗaya, a kwashe. Sai a sa ragowar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne juye naman duka lokaci ɗaya. Zafin kasko sai ya faɗi, ruwa ya fito, naman ya koma dahuwa cikin ruwansa, ya yi fari ya yi tauri. Daga nan mai girki sai ya ƙara mai da kayan ɗanɗano don ya gyara, lissafin ya tashi. Ruwan da ya fita ɗin ma yana tafiya da wani kaso na bitamin B da ma'adinai, don haka abin da ya rage a kasko da wanda ya taru a faranti a mayar da shi kan naman.

Game da nuna, yankan tsoka yana buƙatar cikinsa ya kai digiri 63 a ma'aunin Selsiyos, a kuma bar shi ya huta minti 3. Niƙaƙƙe sai ya kai 71. Dalilin bambancin: ƙwayoyin cuta irin su E. coli a fuskar nama suke zama, zafin kasko na kashe su nan take, amma injin niƙa na cuɗa su har tsakiya. Launi ba shaida ba ne, niƙaƙƙen nama na iya yin duhu bai kai wannan zafi ba. Ga mai juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki, a dafa kowane irin nama har ja ya ɓace gaba ɗaya. Cikakkiyar dahuwa ce kuma ke kashe 'ya'yan tsutsar ciki da kan ɓuya a tsokar shanu.

Launin ƙasa ake nema, ba baƙi ba. Nama da ya ƙone ya yi gawayi, ko wanda kitsensa ke ɗiga a wuta hayaƙin na komawa kansa, yana tara wasu sinadarai da bincike ya nuna suna iya lalata ƙwayoyin halitta. Idan wani gefe ya ƙone, a yanke shi a yar.

Mataki na biyar: kayan lambu

Kowane naɗi ya samu giram 100 zuwa 120, wato su fi naman nauyi ko su yi daidai da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, da harza giram 25. Naɗi ɗaya irin wannan ya biya kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kowannensu idan da burodin cikakkiyar alkama aka yi, kayan lambun kuma kalori 35 ne kacal.

Latas ba laifi, amma kusan ruwa ne, kuma da ya ji zafin nama sai ya yi yaushi. Kabeji ya fi shi jurewa, ya kuma fi shi bitamin C, kimanin miligiram 36 a giram 100. Jan tattasai ɗanye ya zarce su duka, yana haura miligiram 120. Amfanin wannan bitamin a nan biyu ne: nasa na kansa, da kuma yadda yake taimakon hanji ya zuƙi ƙarfen da ke cikin burodi da ganye. Zafi na lalata shi, don haka a bar tattasan ɗanye, ko a soya rabi tare da albasa na minti biyu a bar rabi.

A yanka kabeji siriri ƙwarai, a goge karas. Tumatir kuwa a cire 'ya'yansa da ruwan cikinsa, domin su ne ke jiƙa burodi ya yage. Duk abin da aka wanke a tsane shi sosai.

Wanda ke son ƙarin harza zai iya sa dafaffen wake giram 50 a kowane naɗi ya rage naman da kwata. Waken zai kawo furotin kusan giram 4 da harza 3 zuwa 4, a kan kalori 60 da 'yan kai. Naman da ke tare da shi ma yana taimakon jiki ya amfana da ƙarfen waken.

Mataki na shida: abin shafawa

A nan ne naɗi mai kyau ke lalacewa cikin daƙiƙa biyar. Babban cokali ɗaya na mayonis, giram 14, kalori 90 zuwa 100 ne, kusan dukansa mai. Ba kasafai ake tsayawa a cokali ɗaya ba, musamman idan daga kwalba ake matsowa. Cokali biyu sun kai kalorin duk naman da ke cikin naɗin, ba tare da furotin ko ƙarfe ba.

A haɗa yogot ɗin da ruwan sauran rabin lemun tsami, ɗan dakakkiyar tafarnuwa da masoro. Cokali biyu na wannan kimanin kalori 20 ne. Idan yogot ɗin ya cika ruwa, a zuba shi a rariya mai tsabtataccen ƙyalle na minti 30 a firij, ya yi kauri. Wanda bakinsa ya saba da mayonis ya haɗa kashi ɗaya nasa da kashi uku na yogot, ɗanɗanon na nan, nauyin ya ragu sosai.

Cuku giram 30 na kawo kalori 115 zuwa 120, furotin giram 7, kalsiyam kusan miligiram 200, amma da daskararren kitse, wato irin wanda ke da yawa a kitsen dabba, giram 5 zuwa 6. Abinci ne mai amfani, sai dai a zaɓi ɗaya: ko cuku ko mayonis. Fiya giram 50 kuwa kalori 80 ce, da harza giram 3 da mai irin wanda zuciya ta fi so, tana iya maye gurbin duka biyun.

Mataki na bakwai: naɗewa

A ɗumama burodin a busasshen kasko daƙiƙa 15 zuwa 20 kowane gefe. Mai sanyi tsagewa yake yi. A shafa yogot a tsakiya, a bar santimita 3 zuwa 4 a gefuna. A fara shimfiɗa kabeji, domin ya shiga tsakanin ruwan nama da burodi, sai nama, sai tattasai da albasa, tumatir a sama. A tara cikon a ƙasa da tsakiya kaɗan, ba a tsakiyar ba. A naɗo gefen dama da na hagu ciki, a ɗago na ƙasa ya rufe cikon, a ja shi baya kaɗan ya matse, a mirgina zuwa gaba. A ɗora bakin naɗin a kan kasko mai zafi na daƙiƙa 30 ya manne, ba sai an sa mai ba. Idan ya ƙi rufuwa, ciko ne ya yi yawa. A rage, kada a nemi babban burodi.

Lissafin naɗi ɗaya

Nama, giram 125 ɗanye: kalori 180, furotin giram 27, kitse 7
Burodi, giram 65: kalori 200, sitaci giram 35, furotin 6, kitse 5
Mai, kwatan babban cokali: kalori 30, kitse giram 3.5
Kayan lambu, giram 120: kalori 35
Yogot, giram 30: kalori 20

Jimla kimanin kalori 465, furotin giram 35, sitaci da sukarin kayan lambu 44, kitse 16 zuwa 17 wanda kusan 5 daskararre ne, harza 6 zuwa 7 idan da cikakkiyar alkama aka yi. Ga mai cin kalori 2,000 a rana, wannan bai kai kwata ba, amma ya ba shi fiye da rabin furotin ɗinsa.

Yanzu a canza abubuwa huɗu. Burodi mai giram 110, kalori 330. Niƙaƙƙen nama mai kitse kashi 20, kalori 300. Mayonis cokali biyu, 190. Cuku, 120. An kai 940 ke nan tun ba a lissafa kayan lambu da mai ba, daskararren kitse kuma ya doshi giram 20, alhali iyakar da ake ba da shawara ita ce ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, wato giram 22 ga mai cin 2,000. Idan aka haɗa da soyayyen dankali giram 100 da gwangwanin lemon kwalba mai mililita 330, an ƙara kusan 440, zama ɗaya ya tashi kusan 1,400. Furotin da ƙarfen da aka samu kuwa ba su wuce na naɗin farko da wani abin kirki ba.

Ga wanda ya sayi naɗi a waje, hanya mafi sauƙi ita ce ya roƙi a rage abin shafawa ko a ba shi a gefe, a ƙara kabeji. Idan babba ne, ya raba biyu.

Gishiri

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin harshe ba ya gane yawansa a burodi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga manya ita ce ƙasa da miligiram 2,000 na sodiyam a rana, daidai da gishiri giram 5, wanda bai cika cokalin shayi ba. A naɗinmu, burodi ya kawo kusan 450, gishirin da aka sa ya ba kowane naɗi 290, naman da yogot suka kawo kusan 90 na halitta. An samu 830 ke nan, kashi biyu cikin biyar na yini, kuma wannan naɗi ne da aka yi da kulawa. Babban cokali ɗaya na baƙin ruwan ɗanɗano na waken soya kusan miligiram 900 ne. Dunƙulen ɗanɗano da garin kayan ƙamshin da ake sayarwa a haɗe mafi yawansu gishiri ne. Idan za a sa ɗayansu, a cire gishirin gaba ɗaya.

Mai hawan jini ya fara da burodin: ya kwatanta leda biyu ko uku ya ɗauki mai ƙarancin sodiyam, ko ya kwaɓa nasa da garin alkama, ruwa da ɗan mai. Tsami da yaji da tafarnuwa na rufe gurbin gishiri sosai.

Gyara bisa buƙata

Mai ciwon sukari ya lura da sitacin, domin giram 35 ɗin nan daga burodi suke. Ƙaramin burodi na cikakkiyar alkama zai sauko da shi zuwa 22 ko 25, ko kuma a naɗe da manyan ganyen kabeji da aka tsoma a tafasasshen ruwa na minti ɗaya. Mai neman rage ƙiba ma haka, amma kada ya rage naman, domin furotin da harza ne ke riƙe ciki.

Mai ƙarancin jini ya bar shayi da kofi har sai awa ɗaya ta wuce bayan ci, saboda sinadaran da ke cikinsu na ɗaure ƙarfe a hanji. Ya kuma sani cewa abinci na taimakawa ne, ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta. Masu ciwon ƙoda da masu ciwon gaɓɓai na taruwar sinadarin yurik su bi adadin naman da likitansu ya yanka musu. Wanda alkama ke cutar da hanjinsa ya nemi burodin masara zalla, ya karanta leda, domin wasu ana gauraya su da fulawa.

Dangane da sau nawa za a ci, asusun binciken cutar daji na duniya ya ba da shawarar kada jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 dafaffe a mako. Da ma'aunin giram 90 da ɗoriya, naɗi uku ko huɗu a mako na cikin iyaka, muddin an lissafa da sauran jan naman da aka ci a wasu abincin. Sauran ranakun a yi shi da kaza, kifi, ƙwai ko wake.

Ajiya da ɗauka

Ƙwayoyin cuta na hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da 60. Naɗin da aka gama kada ya wuce awa 2 a waje, idan zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa 1. Wanda zai tafi da shi wurin aiki ko makaranta ya sa shi a jaka mai riƙe sanyi tare da ƙanƙara.

Idan na kwanaki ake shiryawa, a ajiye komai daban: nama a mazubinsa, kayan lambu a nasu, yogot a nasa. Dafaffen nama na yin kwana 3 zuwa 4 a firij. A ɗumama iya wanda za a ci kawai, har ya kai digiri 74 yana tururi, tare da cokali ɗaya na ruwa don kada ya bushe, sannan a naɗe a lokacin. Naɗin da ya kwana a haɗe gishirin naman na jawo ruwan kabeji da tumatir, da safe a tarar burodin ya jiƙe ya dame. Idan ya zama dole a naɗe tun dare, a bar naman ya huce tukuna, a cire tumatir, a riƙe yogot ɗin a gefe sai lokacin ci.